"Kisa" a Dambe Ba Aron Turawa Ba Ne

Wani ɗan boko a majalisar 'yan uwanmu da ke Malaz, nan Riyad, ya kafe cewa "kisa" da 'yan dambe ke faɗa fassarar nokawut ce, wai a talabijin muka gani muka kwaikwaya. Hujjarsa duka ita ce ma'anarsu ɗaya.

To ba ɗaya ba ce, malam, kuma daga nan maganarka ta rushe. A damben Turawa, tun dokokin Queensberry na 1867, wanda ya faɗi ana ƙirga masa goma; in ya miƙe kafin a cika, wasa ya ci gaba. A namu babu mai yi maka ƙirge. Gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka, ko da ka yi wuf ka tashi garau kana karkaɗe ƙura. Kai da ke zaune a garin nan ma ka rasa misali? Ranar 28 ga Oktoban 2023, a Kingdom Arena, Francis Ngannou ya kai Tyson Fury ƙasa da hagu a turmi na uku. Fury ya tashi, aka cika turmi goma, alƙalai biyu cikin uku suka ba shi nasara. Da a gidan damben Kano ne, tuni an gama: Ngannou ya yi kisa, 'yan ɓangarensa sun cika fili, makaɗa sun ɗauka. Nokawut shi ne abin da Anthony Joshua ya yi wa Ngannou ɗin a Maris 2024, turmi na biyu, mutum kwance bai san inda kansa yake ba. Haba! Ta yaya za a aro kalma a bar dokar da ta haife ta?

Sai tarihi. Hugh Clapperton ya kalli damben mahauta a Kano a 1824, ya rubuta yadda suke naɗe hannu, suna kirarin kashe duk wanda ya ja da su. Shekara 43 ke nan kafin Queensberry.

Kalmar ma da danginta take tafe. Hannun da aka ɗaure sunansa mashi, ɗayan garkuwa. Yaren fagen fama ne, kuma wanda mashi ya kayar ai kashe shi aka yi.

Batun talabijin kuwa, makaɗi Ɗan Anace da ya yi wa ɗan damben nan Shago waƙa, a wace tasha ya koya?