Wa Ya Ce Cacar Hatsi Kasuwanci Ce?

Kwanan baya wani saurayi mai kwat da taye ya tara mu a ɗakin lacca, ya yi mana huɗuba ta kusan awa biyu a kan yadda ɗalibi zai yi arziki yana kwance bisa katifarsa. Gundarin maganarsa shi ne, wai lokacin da kasuwa take rawa, farashi ya hau yau ya sauka gobe, lokacin ne mai wayo yake kwasar rabonsa. Ka sayi hannun jari ta wayarka, ko kuwa ku haɗa kuɗi da abokai ku sayi hatsi da kaka ku kulle a sito, in damina ta yi tsakiya ku fito da shi ku ninka kuɗinku. Aka yi ta tafi kamar an ga wata. Ni dai ban tafa ba, kuma tun da ba a ba ni fili a can ba, ga dalilina a nan.

Ni mutumin Jabo ne, ta ƙasar Tambuwal, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Gero da dawa da albasa su suka kawo ni jami'ar nan, saboda haka in an ce hatsi na san na wane ne ake nufi. Manomin garinmu ba ya sayar da amfaninsa da kaka don yana so. Bashin taki yana jiransa, ga auren ɗiya, ga maganin mai ciki, ga rigar salla ta yara. Tilas ya kai kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai, watau lokacin da hatsi ya fi araha. Sa'an nan watan Yuli ya kama, Agusta ya biyo baya, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sai ka ga mutumin nan ya ɗauki 'yar jakarsa ya koma kasuwa awo, yana sayen geron da shi ya noma, tiya tiya, da kuɗin da ya fi wanda aka ba shi nesa ba kusa ba. To, wannan ratar da ke tsakanin kaka da tsakiyar damina ita ce mai kwat ya kira mana "dama". Mu a gida yunwa muke kiranta.

Kowa ya san yadda zazzaɓin nan ya kama mutane. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 kafin ƙarshen Fabrairu 2024. Aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, kasuwar Illela ta yi sanyi watanni. Tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Duk wanda ya sayi hatsi da kakar 2023 ya ajiye, ya ci riba irin wadda ko a mafarki bai taɓa gani ba, alhali kuwa a daidai wannan lokaci gidaje suna kwana ba a ɗora tukunya ba. Har hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta garƙame waɗansu manyan sito-sito a Dawanau cikin Fabrairu 2024 bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa kuma suka musanta. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa.

Da labarin ribar ya bazu, sai kowa ya zama falke. Malamin makaranta, akawu, ɗan sanda, matar aure da ta kwashi adashinta, duk suka yi caa a kan kakar 2024. Cikinsu har da kawuna, tsohon malamin firamare wanda ya yi shekaru yana jiran kuɗin sallamarsa. Ranar da suka fito, na ce masa, "Kawu, da dai ka sayi shanun huɗa, ko ka gyara ɗakin nan da ke yoyo." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda duk yas sayi hatsi bara ya yi kuɗɗi, mu munka tsaya kallo. Bana ba a barina baya." Ya sayi buhu 40, masara da gero, ya kama hayar ɗaki, ya sayi maganin ƙwari, ya zauna jiran damina.

Abin da Kawu bai lissafa ba, tun watan Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Damina kuma ta yi kyau, naira ta daina zamewa. Shekarar 2025 ta shigo, farashi maimakon ya hau sai ya kama gangara. Aka ce a jira azumi, azumi ya wuce. Aka ce a jira saukar ruwa, ruwa ya sauka har ya ɗauke. Masarar da aka saya da tsada ta koma ƙasa da rabin kuɗinta a kasuwanni da yawa na Arewa kafin shekarar ta ƙare. Kawu ya sayar da nasa bayan ƙwaro ya ci rabonsa, mai ɗaki ya ci nasa. Ɗakin da ke yoyo yana nan yana yoyonsa.

Kada mai karatu ya ce ai shi ke nan, Allah ya kama masu ɓoyo, talaka ya huta. Wane talakan? Manyan da suke da kunne a Abuja, masu jin ƙamshin doka tun kafin a karanta ta a rediyo, ba irinsu ne suka kwana da buhu a hannu ba. Ƙananan da suka shigo a makare su aka bari riƙe da jaka. Manomi kuwa ya sha kashi hagu da dama: da hatsi ya yi tsada ba a rumbunsa yake ba, da ya faɗi kuma taki bai biyo shi ƙasa ba, har ta kai buhun masara ɗaya ba ya sayen buhun taki ɗaya. Wanda ya ga haka, da wane ƙarfin hali zai faɗaɗa gona baɗi?

Ba yau aka fara wannan rawa ba, kiɗan ne kawai yake sauyawa. Bayan haɗe bankuna na 2005 an yi ta tallar hannun jari a rediyo da jaridu, bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannun jarin bankunan kansu. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Ikko ya kai wajen 66,000 a Maris 2008, shekara guda bayan haka ya dawo wajen 20,000. A Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Ku tambayi iyayenku, akwai gidajen da har yau takardun nan suna ƙasan akwati. MMM kuwa da ta daskare a Disamba 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilu 2025, ba sai na ɓata tawada a kansu ba, don su ko kayan sayarwa ba su da shi.

Za a ce mini to kai ɗan gurguzu ne, ba ka son kasuwa. Ko kusa. Wanda ya sayi hannun jari a kamfanin siminti na BUA da ke Kalambaina, yana ganin hayaƙinsa da motocinsa, ya haƙura ya jira rabon riba na ƙarshen shekara, ba ni da ja da shi. Manomin albasa na wajenmu ko na Aliero da ya zuba albasarsa a rudu, yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu har ta yi daraja, guminsa yake tsaro. Falken da ya ɗauki gero daga inda ya yi yawa ya kai inda babu, aiki ya yi, ribarsa halal. Rigimata da mutumin da bai noma ba, bai ɗauka ba, bai kai ko'ina ba, ya sa kwaɗo ya zauna yana addu'ar Allah ya sa abinci ya gagari maƙwabcinsa. Mai kwat ma har da kawo mana misalin Annabi Yusufu, wai ai shi ma ya ajiye hatsi shekara bakwai. Subhanallahi! Shi ya tara ne don ranar fari mutane su sami abin ci, kuma malamanmu ba su ɓoye hukuncin mai ɓoye abinci don ya yi tsada ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne yadda ake wanke abin da sabulun kalmomi. An fassaro mana "zuba jari" da "cin gajiyar dama" da "sarrafa haɗari", muna ta maimaitawa kamar aku. Bahaushe yana da sunayen waɗannan abubuwa tun kafin a haifi kakan mai kwat. Ya san ɗan baranda, ya san ci-ma-zaune, ya san ɓoyo, ya kuma san caca, watau ka aza kuɗinka a kan abin da ba ka da iko da shi, in ka ci wani ya yi kuka. In mu da muke karanta harshen nan muka bari aka canja wa kura suna, wa zai gaya wa mutanen ƙauye su ɗaure awakinsu?

Na ji an ce waɗansu 'yan ajinmu sun riga sun buɗe asusu, kowa zai zuba daga kuɗin makarantarsa don a sayi wake da kakar bana. Ina roƙon shugabannin Ƙungiyar Hausa, in za a sake ba irin wannan baƙo ɗakin taro, a gayyato manomi ɗaya ya zauna kusa da shi, ni zan biya masa kuɗin mota daga Jabo. Wanda kuma yake ganin na yi wa mai kwat rashin adalci, ga fili ga mai doki, ya aiko wa edita amsarsa a fitowa ta gaba, amma ya faɗa mana ko buhu nawa ya taɓa nomawa.