Ba kowane ƙarancin jini ne na sauro ba

Da zarar damina ta kankama, iyaye mata daga ƙauyukan Madawa, Buza da Keita sukan cika ƙofar asibiti goye da yaran da tafin hannunsu ya yi fari fat. Amsar da ake ba su kusan ɗaya ce: masassarar cizon sauro, ko tamowa. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai yaron da wannan amsa ke kaiwa kushewa, wato mai amosanin jini.

Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai amosanin jini kuwa da ƙyar take wuce kwana 20. Saboda haka ɓargonsa ba ya hutawa dare da rana. To, akwai wata ƙwayar cuta, parvovirus B19, wadda kan tsayar da aikin ɓargo har mako guda ko fiye. Yaro mai lafiya ba zai ma sani ba. Mai amosanin jini kuwa jininsa kan zube cikin ƴan kwanaki, kuma ƙarin jini kaɗai ke cetonsa. Maganin sauro ba ya taɓa wannan cuta, ƙwayar ƙarin jini da ake saye a kasuwa balle. Abin da ke rikita malamin asibiti shi ne, gwajin sauro na iya nuna akwai, alhali ba shi ne babban ɓarawon ba. Tun 1990 wani bincike kan yaran Nijar ya nuna wannan cuta a jikin da dama daga cikin masu matsanancin ƙarancin jini.

Gwamnati ta yi shelar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, an kuma yi mata tafi. Sai dai cibiyar ƙasa ta amosanin jini tana Yamai, kusan kilomita 500 daga Madawa. Manomin albasa zai bar gonarsa ya je can don a gaya masa nau'in jinin ɗansa?

Yau akwai gwajin ɗigon jini mai bayyana AA, AS ko SS cikin mintoci, ba ya bukatar lantarki. Ƙidayar sabbin ƙwayoyin jini, wadda ke tona ko ɓargo ya tsaya, aikin madubin likita ne da ɗan ruwan rini. Hukumomin lafiya na jahar Tawa su sa waɗannan biyu cikin kasafin kowane asibitin gunduma, tare da ma'ajiyar jini mai firij da ke aiki, kafin ruwan Yuli ya sauka.