RA'AYINMU: Wanda Ya Zo Wasa Bai Zo Kallo Ba

Duk wanda ya taɓa buga lido ya san takaicin zaman jiran siki. 'Yan'uwa suna ta zagaya allo ana shewa, shi kuwa 'ya'yansa huɗu na cikin gida, ba abin da yake yi sai jifa da miƙa ƙwaya. To, irin wannan takaici, har ma wanda ya fi shi, shi ne muke so mu yi magana a kai game da wasan kwaikwayo na kan tebur, don amfanin masu sha'awarsa a cikinmu.

Ga wanda bai sani ba, wannan wasa ya samo asali ne daga Amurka. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Mutum huɗu ko biyar kan zauna a tebur, kowa da jarumin da yake wakilta, sa'an nan ga jagora guda wanda ke ba da labarin duniyar da suke ciki, yana kuma magana da yawun dodanni da sarakuna da 'yan kasuwa. Idan jarumi ya yi nufin wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwaya, galibi mai fuska 20, ita za ta yanke hukunci.

Matsalar kuwa ita ce, labari ba ya tafiya da kowa a lokaci guda. Wani jarumin za a kashe shi tun farkon zama. Wani za a jefa shi kurkuku, wani a daskarar da shi da sihiri. Wani lokaci kuma ayarin ne zai rabu biyu, jagora ya bi ɓangare ɗaya ya bar ɗayan. Mu yi lissafi. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, zagayen faɗa ɗaya daƙiƙa 6 ne kacal a cikin labari. Amma a ce 'yan wasa biyar ne, kowa ya ci minti biyu, jagora ya ci biyar, zagayen ya cinye minti 15 ke nan a agogon gaske. Jarumin da ya suma na zagaye huɗu, mai shi ya yi sa'a guda cur yana zaune ya yi tagumi.

Ra'ayinmu shi ne, alhakin wannan mutum yana wuyan jagora. Wanda ya bar karatunsa, ko ya taso daga ofis a gajiye, ya zo ne don a yi da shi. Kuma mun lura cewa wanda aka fi mantawa shi ne baƙo da mai kunya, domin tsohon hannu ba ya rasa yadda zai kutsa. Baƙon kuwa ba zai yi ƙorafi ba. Zai yi godiya, ya yi sallama, ba za a sake ganinsa ba.

Su kansu masu tsara wasannin sun daɗe da gane haka. A wasan Paranoia na 1984, kowane ɗan wasa yana da kwafi shida na jaruminsa, in ɗaya ya mutu wani ya maye gurbi nan take. A Ars Magica na 1987, wanda Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka tsara, ɗan wasa ba ya maƙale wa jarumi ɗaya. In yau labarin ba na masihircinsa ba ne, sai ya ɗauki dogari ko abokin tafiya. A bugun 2014 da muka ambata, jarumin da ya faɗi yana jefa ƙwaya duk lokacin da layi ya zo kansa: 10 ko sama da haka nasara ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Ko ba komai, hannunsa yana kan ƙwaya, idanun jama'a na kansa.

Saboda haka muna ba jagorori shawara huɗu. Na ɗaya, a tanadi jarumi na ko-ta-kwana tun kafin zama, a kuma shigo da shi da wuri, ko da a matsayin fursunan da aka tarar a ɗaki na gaba. Rigakafi ya fi magani. Na biyu, a miƙa wa wanda ke jira wani aiki na gaske: ya riƙe dodanni a fagen fama, ko ya yi magana da yawun mai masauki, ko ya zana taswira. Na uku, in ayari ya rabu, kada a wuce minti goma ba a waiwayi ɗaya ɓangaren ba, kuma a yanke a daidai inda hankali ya tashi, don masu jira su ƙagu. Na huɗu, ɗaurarre ma yana da labari. Bari ya ji hirar masu gadi, ya gwada sayen ɗaya daga cikinsu, ya samo sirrin da zai amfani ayarin gobe.

Mun san akwai masu cewa in mutuwa ba ta da zafi, wasa ya rasa armashi. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a daina kashe jarumai ba. Abin da muke cewa shi ne, hukuncin ya faɗa kan jarumi, kada ya faɗa kan mutumin da ke zaune a kujera. Rasa jarumin da aka yi wata shida ana renonsa ya isa zafi, ba sai an haɗa masa da zaman kurame na sa'a uku ba.

Shi ma ɗan wasan da aka jingine yana da nasa. Kada ya duƙufa a kan waya, kada ya tona wa abokai abin da jarumansu ba su sani ba, kada kuma dodon da aka ba shi ya zama hanyar ramuwar gayya. Sauran 'yan wasa su ma su taƙaita shawara, su tuna akwai mai jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A gaskiya wannan ba baƙon darasi ba ne gare mu. Kakanninmu ba sa fara tatsuniya sai yara sun amsa, in kuma an zo wurin waƙa kowa ke yin amshi, har ƙaramin da ke gyangyaɗi a gefen tabarma. Jagoran kirki ba a gane shi da daɗin labarinsa kaɗai. A ƙarshen zama ya dubi tebur ya tambayi kansa: wane ne bai yi magana ba tun ɗazu? In ya iya amsawa, ya kuma gyara a zama na gaba, to, kujerunsa ba za su rasa mutane ba.

Edita