Garin Da Ke Tace Abin Da Ya Gagari Takarda

Duk wanda ya taɓa tace ruwan laka a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ya san takaicin da ke ciki. Ka naɗe takardar tacewa, ka sa a mazurari, ka zuba. Da farko ruwa ya sauka, sai ya koma ɗis-ɗis, can ya tsaya cak, ga malam yana duba agogo. Ƙananan ƙwayoyin lakar ne suka toshe ƙofofin takardar, kamar yadda dusa ke toshe ƙyallen tace gasara.

Masana sinadarai suna da maganin wannan: wani farin gari marar nauyi mai kama da alli, ana ce masa diyatomait. Galibi za ku ga an rubuta Celite a jikin kwalbarsa.

Garin nan ba ƙasa ba ce irin ta gona. Ɓawon wasu halittu ne da ake kira diyatom, dangin gansakukar ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin kimiyya. Kowace tana gina wa kanta gida da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, gidan kuma huda-huda ne kamar rariya. In sun mutu ɓawon ya nitse ƙasan tafki ko teku, ya yi ta taruwa shekaru dubbai har ya zama farin dutse mai taushi.

Ga yadda ake aiki da shi. A dama garin da ɗan ruwa, a zuba kan takardar har ya kwanta, kaurinsa kamar santimita 1 zuwa 2, sannan a zuba abin da za a tace. Maimakon ƙofofin takarda ɗaya, yanzu ruwan yana da hanyoyi barkatai. In laka ta toshe wannan, ya bi ta waccan. Ko garin gawayi, da ya saba sulalewa ta takarda, nan yake maƙalewa.

Sai dai fa garin yana da haɗama. Yakan tsotse wani ɓangare na abin da kake nema, don haka bayan tacewa dole ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, ka haɗa da na farko. In kuwa ƙwayoyin da suka maƙale kake so, kada ma ka fara, raba su da garin aiki ne ja. Wannan tsotso ne Alfred Nobel ya yi amfani da shi a 1867, da ya shayar da garin ruwan naitirogilisarin mai saurin fashewa, ya samar da nakiyar dainamait.

Kada kowa ya shaƙi ƙurarsa, musamman wanda aka gasa a masana'anta, domin yawan shaƙarsa na lalata huhu. A rufe hanci, a jiƙa shi kafin a share.

Kuma ba sai an je Turai ake samun sa ba. Akwai shi a Bularafa ta Jihar Yobe. A ƙasar Chadi ma, kwarin Bodele, wanda a da can ƙasan babban tafki ne, shimfiɗe yake da shi, kuma daga can iskar hunturu ke kwaso mana hazo mai yawa. Ƙurar da za ku goge daga bencinku a watan Janairu ba za ta rasa ɓawon diyatom ba.