Tsakanin Shahara da Sutura: Ɗan Daudu, Ƙazafi da Masana'antar Kannywood

Gabatarwa

A fagen nazarin kafofin nishaɗi na ƙasashen Yamma akwai wata tambaya da aka daɗe ana jujjuyawa: idan jarumin fim ko mawaƙi ya fito fili ya bayyana cewa jinsinsa yake nema, shahararsa raguwa take yi ko ƙaruwa? Da yake intanet ta sauƙaƙa samun rubuce-rubucen waje, ba abin mamaki ba ne ɗalibin Hausa ya ɗauko wannan tambaya ɗungurungum ya aza ta a kan Kannywood. Ra'ayina shi ne tambayar ba za ta zauna daidai a nan ba sai an sake mata gini. A ƙasar Hausa babu wani sanannen jarumi da ya taɓa yin irin wannan furuci a bainar jama'a, balle a auna abin da ya biyo baya. Abin da ke akwai, wanda kuma ya cancanci nazari, abu biyu ne: yadda siffar ɗan daudu ta yi tashe a allo alhali mai ita a gari yana ɓuya, da yadda zargi kaɗai ya zama makamin rusa mutum.

Inda tambayar ta fito

Ko a Amurka amsar ba ɗaya ba ce, domin ta bi zamani. Rock Hudson, ɗaya daga cikin manyan taurarin Hollywood na shekarun 1950, ya ɓoye lamarinsa tsawon rayuwarsa ta fim, har ya auri sakatariyar wakilinsa a 1955. Jama'a ba su san gaskiyar ba sai a 1985, shekarar da cutar ƙanjamau ta yi ajalinsa. A 1997 Ellen DeGeneres ta bayyana kanta, mutum kusan miliyan 42 suka kalli fitowar shirinta ta wannan mako, amma wasu masu talla suka janye, tashar ABC kuma ta soke shirin a 1998. Sai a 2003 ta dawo da shirin hira wanda ya ɗore har 2022. A watan Yunin 2019 mawaƙi Lil Nas X ya yi nasa furucin a daidai lokacin da waƙarsa take kan gaba a jadawalin Billboard, kuma waƙar ta cika mako 19 a matsayi na ɗaya.

Ba mutanen ne suka bambanta da juna ba kamar yadda yanayin ya bambanta. Tsakanin Ellen da Lil Nas X kotun ƙolin Amurka ta soke dokokin haramta wannan ɗabi'a a 2003, ta kuma halatta irin wannan aure a 2015, sannan kasuwar waƙa ta koma intanet inda ba a bukatar yardar mai tasha. Ashe amsar tambayar ta rataya ne a kan abu uku: doka, da mai biyan kuɗi, da mai kallo. Duk manazarcin da ya manta da waɗannan, ya ɗauko sakamakon can ya liƙa a nan, to ya ɗinka rigar wani ne a jikin da ba nata ba.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Misali mafi kusa da tambayar shi ne na Bisi Alimi, wanda ya karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Legas kuma ya fara fitowa a talabijin. A 2004 ya bayyana kansa a shirin Funmi Iyanda na tashar NTA. Aikinsa na wasa ya tsaya, ya fuskanci barazana, a 2007 ya bar ƙasar zuwa Ingila. Sunansa ya zaga duniya daga baya, amma a matsayin ɗan fafutuka, ba jarumin allo ba. Wannan ya faru ne shekara goma kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a watan Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a fili. A 2020 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta gargaɗi masu shirya fim ɗin Ìfé, wanda ya ɗauki labarin mata biyu, har sai da suka sake shi ta intanet kawai.

A gefe guda kuma ga Idris Okuneye, wato Bobrisky, wanda ya tara miliyoyin mabiya da shigar mata da kwalliya. Shahararsa ta ginu ne a kan abin da ido ke gani da surutun da yake jawowa. Ɗaurin wata shida da aka yi masa a Afrilun 2024 ma a kan wulaƙanta naira ne. Wannan bambanci tsakanin siffa da furuci shi ne mabuɗin fahimtar lamarin a ƙasar Hausa.

Ɗan daudu a allo, ɗan daudu a gari

Kuskuren farko da ya kamata a kauce masa shi ne haɗa daudu da luwaɗi a kalma ɗaya. Daudu siffa ce ta zamantakewa da sana'a: namiji mai kwaikwayon magana da motsin mata, wanda aka sani da sayar da abinci a tasha da kasuwa, da soya kaji a gidan biki, da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu, kamar yadda Renée Pittin ta bayyana a bincikenta na Katsina. Luwaɗi kuwa aiki ne. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna salla da azumi, wasu sun je aikin hajji. Ya kuma nuna cewa masu abin da suke kira harka ba dukansu ne 'yan daudu ba, kuma sun fi son sirri da zaurance a kan shela. Tunanin cewa mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da nake, wannan shi ne ni, baƙo ne ko a cikinsu.

'Yan daudu sun daɗe a gefen fagen nishaɗin Bahaushe. Ana ganin su a wasan bori, inda aka danganta su da iskan nan Ɗan Galadima, ana kuma jin daɗin habaicinsu da iya sarrafa karin magana. Da fim ɗin bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, siffar ta shiga allo. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya fito a matsayin ɗan daudu a farkon shekarun 2000, ya yi fari da ido, ya tafa hannu, ya karya murya, jama'a suka yi dariya har da hawaye. Wannan bai rage masa komai ba, domin kowa ya san wasa yake yi. Mai kallo ya yarda ya yi dariya da rigar ne bisa sharaɗin cewa wanda ya sa ta zai tuɓe ta idan an gama ɗauka. Ga inda abin lura yake: an ci riba da muryar ɗan daudu da habaicinsa, amma shi kansa bai samu ko tabarmar zama a masana'antar ba.

Lokacin da wannan ke faruwa a allo, sararin ɗan daudu a gari ƙuntata yake yi. A shekarar 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, dokokinta suka haramta wa namiji kwaikwayon mata, suka tanadi hukunci mai tsanani ga luwaɗi wanda zai iya kaiwa ga rajamu. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. A 2024, ƙarƙashin jagorancin Abba El-Mustapha, hukumar ta haramta finafinan da ke nuna daba da daudu. Wato yanzu ita ma rigar wasan an naɗe ta.

Wa ke riƙe da shahara?

Domin a gane dalilin da ya sa furuci irin na Ellen ba shi da mazauni a nan, sai a dubi mai kallo. Kasuwar Kannywood ba a Legas ko Landan take ba. Tana cikin gidaje ne a wurare irin su Minjibir, a tsakiyar yankin nan mai cunkoson gonaki da ƙauyuka da Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960. A irin wannan wuri gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida, kowa ya san kakan kowa. Fim yana shigowa ta wayar da aka kai wa masu turi a kasuwa, ko ta Arewa24, ko ta YouTube, kuma ana kallonsa ne a tsakar gida: uwa da 'ya'ya da kishiya da suruka. Jarumin da ya shiga wannan tsakar gida baƙo ne da aka yi wa izini, kuma izinin yana iya janyuwa a yini ɗaya.

Saboda haka Hausa ta raba abin da tambayar Yamma ta cure. Akwai suna, wato a san ka, akwai kuma mutunci, wato a yarda da kai. Ana iya yin suna da abin kunya, amma mutunci ne ke kawo gayyatar biki, da tallan kamfani, da kwangilar ɗan siyasa, da auren 'yar mutane. Lamarin Rahama Sadau ya nuna haka. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ. Sunanta ya ƙara bazuwa, ta samu aiki a finafinan Kudu, a 2018 aka janye korar. Ta tsira ne domin tana da wata kasuwar da za ta koma, kuma abin da aka zarge ta da shi yana da ƙofar neman afuwa. Idan rungumar namiji da mace a bidiyo ta jawo haka, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane makomar wanda ya yi furucin da doka ta tarayya da ta jiha suka tanadar wa hukunci. Shi ba shahara kaɗai zai rasa ba, har da 'yanci, wataƙila da tsaron ransa, kuma danginsa a ƙauye su za su ɗauki nauyin da ya rage.

Zargi a matsayin makami

Tun da furuci ba ya faruwa, abin da ke aiki a madadinsa shi ne zargi. A Facebook da TikTok ba wuya a ga an jefi wani ɗan fim ko mawaƙi da luwaɗi, ko wata jaruma da maɗigo, ba shaida ba hujja, sai dai salon tafiyarsa, ko laushin muryarsa, ko jinkirin aurensa. Wanda aka jefa ba shi da hanyar wanke kansa, domin rantsuwarsa ma labari ce da za a ƙara yaɗawa. Mai jifan kuwa ya samu mabiya. A nan ne tambayar ta juye: zancen neman jinsi yana ƙara shahara ƙwarai, amma ta mai zargi, ba ta wanda ake zargi ba.

Za a iya cewa wannan tsanani kariya ce ga tarbiyya, kuma al'ummar Musulmi tana da haƙƙin tsare abin da ke shiga gidajenta. Ba na jayayya da matsayin addini a kan wannan aiki, sananne ne. Amma addinin da ya haramta shi, shi ne ya hana mummunan zato da bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, ya tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi a Suratun Nur, ya kuma tsaurara sharuɗɗan shaida. Wanda ya riƙe hani ɗaya ya yi watsi da sauran ba tarbiyya yake karewa ba, kasuwarsa yake ci da naman ɗan'uwansa. Haka kuma hana nuna ɗan daudu a fim ba zai kawar da shi daga tasha da kasuwa ba. Damuwar cewa yara suna kwaikwayon abin da suke gani damuwa ce ta gaske, amma aikin mai tacewa shi ne ya bambance tsakanin tallata hali da nuna shi. Adabin da aka hana shi kallon wani sashe na al'ummarsa zai zama madubin da aka shafe gefensa.

Kammalawa

Nauyin da ke kan manazarta Hausa a fili yake. Na farko, mu tsare ma'anar kalmominmu, kada mu fassara daudu da kalmomin waje da aka ƙirƙira domin wani tarihi daban. Na biyu, kada bincike ya zama farauta: kundin digiri da ya ambaci sunan mai rai, ko ya ba da alamar da za a gane shi, yana iya kai shi kurkuku ko hannun masu ɗaukar doka a hannu, kuma yanzu kundaye suna hawa intanet. Na uku, sassan Hausa na jami'o'inmu su adana tsofaffin kaset da faifan da wannan siffa ta fito a cikinsu tun kafin su salwanta, domin a cikinsu akwai habaici da zaurance da salon magana da ba a gama nazarta ba. Na huɗu, a mai da hankali ga ƙazafi a kafofin sada zumunta a matsayin fagen bincike mai zaman kansa: kalmominsa, da hanyoyin yaɗuwarsa, da waɗanda ke cin moriyarsa. Wannan ita ce tambayar da yanayinmu ya haifar, kuma amsarta za ta amfani ɗan fim da mai kallo baki ɗaya.