Lafiyar Unguwa: Haƙƙinmu Ne, Kuma Nauyinmu Ne



Duk shekara da zarar damina ta kankama, zance ɗaya ne a bakin masallaci da wajen 'yan goro: kwata ta toshe, ruwa ya shiga zaure, ɗan wane ya kwanta da amai da gudawa. Sai a ce Allah ya sawwaƙe, wani kuma ya ƙara da cewa, "Ai mu baƙi ne, wa zai kula da mu?" Wannan kalma ta baƙunta ita muke so mu duba yau, don ta daɗe tana cutar da mu fiye da sauro.

Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a nan Ibadan. A nan aka binne kakanninmu, a nan aka yanke wa 'ya'yanmu cibiya, a nan muke biyan kuɗin rumfa da haraji. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Wannan tsarin mulki ne kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da gina banɗakunan jama'a da kula da kasuwanni. Ashe in mun nemi a kwashe mana bola, haƙƙinmu muka nema.

To amma haƙƙi ba ya biyo mutum har ɗaki. A tsarin kiwon lafiya na matakin farko, ana son kowace mazaɓa ta samu kwamitin jama'a da ke sa ido kan ƙaramin asibitinta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don irin wannan kulawa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne muka taɓa zama a taron kwamitin? In an raba gidan sauro ba ma wurin, wa za mu zarga?

Mu tuna da 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan-inna saboda jita-jita. Maganar ta biyo motocin shanu har ta iso mu. Kafin Kano ta koma ɗigon a 2004, cutar ta bazu, yara sun nakasa, har ta tsallaka wasu ƙasashe. Da sarakuna da malamai da mata masu bin gida-gida suka sa hannu, sai ga shi a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka baki ɗaya. Har yanzu ana ci gaba da ɗigon, don haka kada mu saki jiki.

Haka batun shara. Dattawanmu ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ba, matasa kuma sun ga ta watan Agustan 2011. Sharar da ake zubawa a magudanan ruwa tana cikin abin da ya ƙara tsananta su. Ruwa bai tambayi kowa takardar asali ba, ya ci Bahaushe ya ci Bayarabe.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi.

Na ɗaya, mu zaɓi wakilai, har da mata, su riƙa halartar taron kwamitin mazaɓa, su dawo su ba mu bayani.

Na biyu, kowane layi ya ware safiya guda a wata don yashe kwata. Mu gayyaci maƙwabtanmu Yarbawa, tun da kwatar ɗaya ce.

Na uku, 'yan garuwa su riƙa wanke jarkokinsu, masu tuwo-tuwo da mahauta su rufe abinci daga ƙuda.

Na huɗu, a kai jariri rigakafi da an haife shi, sannan a sati 6 da 10 da 14, da kuma wata 9. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Magidanta, ku ba matanku izini da kuɗin mota. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su taimaka wa maƙwabta karanta kati.

Na biyar, in gudawa ta kama yaro, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi, a garzaya asibiti.

In kuma an yi wa wani wulaƙanci ko an nemi kuɗi a kan abin da yake kyauta, kada ya yi faɗa. Ya riƙe rana da lokaci, ya zo ofishin ƙungiya mu rubuta takarda, mu ajiye kwafi. Magana a baki iska ce, ta takarda kuwa tana da shaida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya