Azumin Kwana Arba'in a Bakin Iyaka

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mu da muka fito daga Lafagu da ƙauyukan ƙasar Bagudo muna da wata magana game da azumin Kirista, watau kwanakin nan arba'in na tuba daga Larabar Toka zuwa Ista. A 2025 Larabar Toka ta faɗo ran 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan kamawar watan Ramalana, sai ga maƙwabci da maƙwabci kowa bakinsa a bushe.

A wannan lokaci wa'azi ɗaya muka saba ji: ku yi haƙuri, jarrabawa ce, ku dogara ga Allah. Lalle gaskiya ne. Amma mun lura akan yi amfani da wannan gaskiya a rufe wa talaka baki, kuma abin da ya dame mu ke nan.

A damunar 2020 Kogin Kwara ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, har da na Bagudo. Manomin da ya ci bashin taki ya wayi gari yana kallon ruwa a inda ya bar shuka. Wannan kam jarrabawa ce, ba wanda za a kai ƙara. To, amma rufe iyakokin ƙasa da aka yi a Agusta 2019 fa? Da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban wannan shekara? Mutanen da danginsu da kasuwarsu ke tsallake, wajen Segbana da Malanbil a Jamhuriyar Benin, su suka ɗanɗana kuɗarsu. Wannan hukuncin 'yan Adam ne, an sa masa hannu a ofis, kuma bai kamata mai wa'azi ya zuba shi a ƙwarya ɗaya da ambaliya ba.

Akan kawo mana labarin Ayuba a matsayin abin koyi. Madalla. Sai dai duk wanda ya karanta littafin har ƙarshe ya san Ayuba bai yi shiru ba. Ya yi kuka, ya yi tambaya, ya ƙi yarda da abokansa da suka nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa, kuma abokan ne Allah ya tsawata wa.

Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Mukan bar nama ran Jumma'a a ɗakin cin abinci mu ɗauka mun yi wani abin kirki, alhali kuwa iyayenmu a gida sun yi watanni ba su gan shi a miya ba. Shawararmu ita ce kuɗin da azumi ya rage mana mu tara shi, idan mun koma hutun Ista mu sayi irin shuka ga gwaurayen mata, Kirista da Musulmi, kana mu zauna mu rubuta wa manoma takardun kokensu zuwa ga hukuma, tun da mu aka tura karatu.